Kafin ka rabu da sulallan mahaifinka

Assalamu alaikum. Mahaifina ya rasu shekara biyu da suka wuce, kuma cikin abin da ya faɗo a rabona akwai sulallan zinariya guda shida irin na Ingila, masu hoton Sarki George na biyar a gaba da wani mahayin doki a baya. Biyu daga ciki sun dusashe, har ina tunanin in goge su da maganin wanke ƙarfe. To na haɗu da wani mai sayar da irin waɗannan kaya ta intanet, ya ce nawa na gama-gari ne, ba za su taɓa wuce kuɗin zinariyarsu ba. Ya ba ni shawara in sayar masa da su, in cika da ajiyar da nake da ita, in sayi wata sabuwar tsaba mai nauyin oza ɗaya da aka buga don tunawa da wani biki. Ya ce guda 500 kacal aka yi a duk duniya, tana zuwa da akwati da takardar shaida. Kuɗinta ya ninka na zinariyar da ke cikinta, amma ya ce nan da shekara biyar za ta sake ninkawa, kuma saura kaɗan su ƙare. Matata ba ta yarda ba, har mun fara samun saɓani. Burina kuɗin nan su yi wa yarana karatu nan da shekara goma. Waɗanne irin sulalla ne suka fi tashi, kuma yaya zan gane su?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya sanya albarka a abin da ya bari.

Kafin komai, ajiye maganin gogen nan. Ko tsumma mai laushi kada ka ɗora musu. Zan dawo kan dalili. Sannan kada ka ba mutumin nan amsa a wannan makon, ko da ya rantse maka cewa guda ɗaya ta rage. Sauri ya haifi nawa, kuma dukiyar da ta kwana shekara da shekaru a hannun mahaifinka ba za ta lalace don ka ƙara mata wata guda kana nazari ba.

Kowace tsabar zinariya kuɗi biyu ne a jikinta. Akwai kuɗin nauyi, wato abin da zinariyar da ke cikinta za ta kawo in an ɗora ta a sikeli, ko da narka ta za a yi. Wannan kowa na iya lissafa shi, domin ana bayyana farashin oza kullum a kasuwannin duniya, oza ɗaya kuwa giram 31.1 ce. Sai kuma abin da nake kira kuɗin sha'awa: ƙarin da mai tara sulalla zai biya saboda tsabar ta yi wuyar samu, ko tana da tarihi, ko ta fi 'yan'uwanta kyau. Kuɗin nauyi yana tare da kai duk inda ka shiga. Kuɗin sha'awa yana hannun wani mutum da ba ka sani ba, wanda sai ranar da ka tashi sayarwa za ka fara nemansa. Tambayarka duka a kan wannan na biyun take, shi ya sa nake so ka fara ganin nawa ake so ka zuba a cikinsa.

Sulallanka su ne ake kira sobarin. Kowace ɗaya nauyinta giram 7.98, zinariya ce mai karat 22, tsantsar zinariyar da ke ciki giram 7.32. Shida ke nan sun kusa giram 44. Tsabar da ake tallata maka giram 31.1 ce, amma za ka biya kuɗin giram 62 da ɗoriya. Ma'ana za ka miƙa giram 44 na gado, ka cika da kuɗin wajen giram 18 daga ajiyarka, ka koma gida da giram 31. Rabin dukiyar ya tashi daga zinariya ya koma fatan riba. Idan ranar sayarwa ba a sami mai sha'awa ba, sai farashin zinariya ya ninka kafin ka mayar da uwar kuɗinka, alhali da ka riƙe naka, wannan ninkin riba ce zalla. Ka lura kuma da cewa mutumin da ya rena sulallanka shi ne kuma yake son ya saye su. Ruwa ba ya tsami banza.

Ni ma na taɓa sayen irin wannan, shekaru da dama baya. Akwatin katako ne mai sheƙi, cikinsa shimfiɗe da karan-miski, ga takarda mai lamba da hatimi. Da buƙata ta taso na kai wa wani mai saye. Ya buɗe akwatin, ya ciro tsabar, ya ɗora a kan ɗan sikelinsa, ya danna lissafi, ya faɗi kuɗi. Sai ya turo mini akwatin da takardar ta kan tebur ya ce in tafi da su, ba ya buƙata. Har yau ina tuna ƙarar akwatin nan a kan tebur, domin abin da ya turo mini shi ne duk ƙarin da na biya. Bai cuce ni ba, abin da kasuwa ta ce ya ba ni. Ba na son ka ji wannan ƙarar a ranar da ake jiran kuɗin makarantar yaro.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Abin da ke ɗaga darajar tsohuwar tsaba, na farko, yawan waɗanda suka rage ne a duniya, kuma sau da yawa wannan ba ya tafiya da yawan da aka buga. A 1933 Amurka ta buga tsabar zinariya ta dala 20 har guda 445,500. A shekarar ne Shugaba Roosevelt ya hana jama'a ɓoye zinariya, ba a saki sulallan ga mutane ba, daga baya aka narka kusan dukkansu. 'Yan ƙalilan suka sulale, ɗaya ta kai hannun Sarki Faruk na Masar, kuma guda ɗaya tak doka ta yarda wani mutum ya mallaka. Haka tsabar dala 5 ta 1822: an buga 17,796, uku kawai aka sani yau, biyu suna gidan tarihi na Smithsonian, ta ukun aka sayar dala miliyan 8.4 a 2021. Yaƙi, da narkawa, da dokar gwamnati, da tsawon zamani su ne suka cinye sauran. Babu wanda ya zauna ya tsara ƙarancin, shi ya sa babu wanda zai iya ƙaro su.

Sabuwar tsaba mai guda 500 ƙarancinta na shiri ne. Babu ɗaya da za ta shiga kasuwa ta goge, babu wadda za a narka, duka 500 suna kwance cikin akwatunansu, sabbi fil, nan da shekara hamsin ma haka za a same su. Kuma gidan da ya buga ta baɗi zai fito da wata mai 500, shekara mai zuwa wata. Ƙaramin adadi ba ya nufin komai sai an san mutum nawa ke nema. Idan masu nema 200 ne, to 500 ta yi yawa. Ban ce ba a taɓa samun sabuwar tsaba da ta tashi ba, ana samu. Amma masu tashin kaɗan ne, bayan sun tashi ake saninsu, kuma wanda ya san tabbas kayansa za su ninka cikin shekara biyar ba zai riƙa bin ka da kira ba.

Na biyu shi ne lafiyar jikin tsabar. Masu wannan harka suna ba da maki daga 1 zuwa 70, ma'aunin da wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949. Kamfanoni biyu suka fi suna wajen tantancewa, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da ya biyo baya a 1987. Sukan duba tsaba, su tabbatar ba jabu ba ce, su ba ta maki, su rufe ta cikin gidan roba mai lamba. Suna kuma wallafa adadin da suka tantance a kowane maki, kuma wannan lissafin ya fi duk wata takardar talla amfani. A tsohuwar tsaba, tazarar maki ɗaya ko biyu a can sama tana iya ninka kuɗi, saboda waɗanda suka tsira ba ƙwarzane ƙalilan ne. A sabuwa kuwa, da ta fito daga inji ta shige roba, yawanci 69 ko 70 ake samu, don haka makin ba abin tinƙaho ba ne.

Na uku, wanda ya fi wuyar aunawa, shi ne masu nema: mutum nawa ne, a ƙasa nawa, kuma tun yaushe. Sulallan da suka daɗe suna riƙe daraja su ne na jerin da aka yi ƙarni ana tarawa, ana rubuta littattafai a kansu, ana gwanjonsu kowane wata, kamar sobarin ɗin Ingila da ake bugawa a wannan siffa tun 1817, da tsofaffin sulallan Amurka, da dinaren daulolin Musulunci. A 2019 an yi gwanjon wani dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira a Landan, wanda rubutunsa ya ambaci ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, ya tashi fam miliyan 3.72. Zinariyar da ke jikinsa giram huɗu ce da 'yan kai. Duk sauran kuɗin tarihi ne, da ƙaranci, da attajirai masu son abin da zuciya ɗaya. Idan waɗannan ukun suka haɗu a tsaba guda, ita ce ta fi kusa da tashi. Idan ɗaya ya ɓace, ƙarin da ka biya yana kan siraɗi.

To amma ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Wannan tsaba ta 1933 da na ambata, wadda babu kamarta a suna, an sayar da ita dala miliyan 7.59 a 2002, aka sake sayar da ita kusan dala miliyan 18.9 a 2021. Ta ninka sau biyu da rabi cikin shekara 19. A daidai wannan tsakanin, ozar zinariya ta tashi daga dala ɗari uku da 'yan kai zuwa sama da 1,800, kusan ninki shida. Wanda ya sayi zinariya ta gama-gari a 2002, irin wadda aka rena maka, ya fi mai tsabar da ta fi kowace shahara cin riba nesa ba kusa ba. Ba kullum ne lissafin ke fitowa haka ba, amma ya isa ya nuna maka cewa kalmar "gama-gari" ba aibi ba ce ga mai tara wa yara kuɗin karatu.

Kuɗin sha'awa kuma yana da hanyoyin zubewa da kuɗin nauyi ba shi da su. A ƙarshen shekarun 1980 manyan masu zuba jari sun afka kasuwar tsofaffin sulalla a Amurka, farashi ya yi tashin gwauron zabo har 1989, sannan ya rikito, kuma da yawa daga sulallan da aka yi rububinsu sun yi shekaru masu yawa ba su koma inda suke ba. Wani lokaci kuma ƙarancin ne da kansa ke gushewa. Wani jirgin ruwa mai suna Central America ya nutse a watan Satumba na 1857 ɗauke da zinariyar Kalifoniya. Da aka gano shi a 1988, an tsamo sama da 5,000 na tsabar dala 20 ta 1857 bugun San Faransisko, yawancinsu kamar yau aka buga. Abin da a da samun mai kyansa sai an tona ya zama ana ganinsa a gwanjo a kai a kai. Ko shekarar da ke jikin tsaba ba kullum take faɗin gaskiyar shekarunta ba: Meziko ta yi shekaru masu yawa tana ci gaba da buga tsabar peso 50 da shekarar 1947, Ostiriya ta daɗe tana buga tsabar zinariyarta ta dukat da shekarar 1915, Ingila ma ta sake buga sobarin mai shekarar 1925 a 1949 da 'yan shekarun da suka biyo baya. Sannan gidajen gwanjo suna cire la'adarsu, wadda kan kai kashi 20 cikin ɗari a ɓangaren mai saye, mai saye kuwa yana rage tayinsa saboda ita.

Mu dawo kan naka. Mai yiwuwa ne mutumin ya yi gaskiya cewa na gama-gari ne, domin an buga miliyoyin sobarin a zamanin George na biyar. Amma ba shi zai yanke hukunci ba, kai za ka duba. Shimfiɗa tawul mai tsabta a kan tebur kusa da taga, ka wanke hannu ka tsane, ka riƙe tsabar ta gefe da yatsu biyu, kada yatsa ya hau fuskarta. Juya bayanta inda mahayin dokin yake. A ƙasa akwai shekara. Sama kaɗan da shekarar, a kan tudun da doki ya taka, nemi wani ɗan ƙaramin harafi, ƙanƙane ƙwarai, sai ka sa madubin ƙara girma ko kyamarar waya. S na nufin Sidni, M Melbon, P Fat, duka a Ostareliya; C Ottawa ta Kanada; I Bombai ta Indiya, wadda a 1918 aka yi; SA Firitoriya ta Afirka ta Kudu. In babu harafi, bugun Landan ce. Rubuta shekara da harafin kowace ɗaya. Haɗin waɗannan biyun shi ne sunan tsabar a kasuwa. Bugun Landan na 1917 ya haura miliyan ɗaya, amma galibi an tura su Amurka biyan bashin yaƙi aka narka, yau suna da wuyar samu matuƙa. Ta 1916 mai C dubu shida da 'yan kai kawai aka buga. Ta 1920 mai S 'yan ƙalilan ne aka sani. Ba na so ka sa rai, da wuya a ce ɗaya daga cikin waɗannan tana hannunka, kuma saboda tsadarsu an cika yin jabunsu, har akan kankare harafin wata tsabar don ta yi kama da ta Landan. Amma duba ɗin minti goma ne, kuma ba a sayar da abin da ba a san sunansa ba.

Ga kuma dalilin da na ce kada ka goge. Lokacin da inji ya daki tsaba, ƙarfen yana malala ya bar wasu siraran jijiyoyi a fuskarta waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke sa haske ya riƙa zagayawa a kanta kamar hannun agogo in ka karkata ta. Goge ɗaya yana share su har abada. Tsabar za ta yi ƙyalli, amma ƙyalli ne mara rai, kuma in ka sa madubi za ka ga ɗaruruwan ƙananan zane duk sun miƙe gefe guda. Masu tantancewa suna gane wannan da kallo ɗaya, su ƙi ba ta cikakken maki, su rubuta a jikin robar cewa an wanke ta. Dusashewar da ke damunka jan ƙarfen da aka gauraya da zinariyar ne da ƙurar shekaru, kuma masu saye sun fi son ta a haka. Sa kowace a 'yar jakarta daban don kada su riƙa gogar juna.

Ka kuma tabbatar da ingancinsu. Sikelin da ke auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram zai nuna 7.98 ko ƙasa da haka kaɗan in ta sha hannu, faɗinta kuma milimita 22 ne da ɗigo. Zinariya ba ta bin maganaɗisu. Wannan gwajin gida ne kawai, domin akwai ƙarfen tangistin da nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinariya, ana amfani da shi wajen jabun manyan sulalla. Idan shekara da harafi suka nuna wata mai wuyar samu, ita kaɗai ta cancanci kuɗin aika wa masu tantancewa. Duk wadda kuma za ka saya cikin roba, ka shigar da lambarta a shafin kamfanin ka gwada hoton da abin da ke gabanka, domin har robar ana yin jabunta. Ba a cinikin biri a sama.

Idan kana son ƙara zinariya da ajiyarka, ra'ayina shi ne ka tsaya kan sulallan da ake sayarwa kusa da kuɗin nauyinsu, waɗanda duk mai harkar zinariya a duniya ya sani: Krugerrand ta Afirka ta Kudu da aka fara a 1967, mai ganyen Kanada ta 1979, mai gaggafar Amurka ta 1986, Britannia ta Ingila ta 1987, ko ƙarin sobarin irin naka. Ƙanana kamar sobarin suna da wani amfani gare ka, domin kuɗin makaranta zango-zango yake zuwa, kana iya sayar da ɗaya ka bar biyar. Kada dai ka zuba duka ajiyar. Zinariya ma tana faɗuwa. Ta kai dala 850 a Janairun 1980, ta sauko ƙasa da 260 a 1999, ba ta sake ganin 850 ba sai 2008. Ta kusa 1,900 a 2011, ta dawo wajen 1,050 a ƙarshen 2015, sannan ta haura 3,000 a watan Maris na 2025. Shekara goma tana iya faɗawa a kowane gefe, don haka in lokaci ya kusa, ka fara sayarwa kaɗan-kaɗan tun saura shekara biyu ko uku. In kuwa zuciyarka ta kamu da son tarawa, abin so ne mai kyau, ina ma taya ka murna. Zaɓi jeri ɗaya, ka karanci farashin da aka tashi gwanjo a kai na shekarun baya, ka saya da kuɗin da ba na yara ba, tsaba ɗaya mai kyau maimakon biyar masu rauni.

Shi kuma mai tallan, tambaya ɗaya za ka aika masa a rubuce: in na saya yau na dawo maka da ita gobe, nawa za ka ba ni? Tazarar da ke tsakanin amsarsa da kuɗin da ya sa ita ce asararka ta ranar farko. Ka kuma nemi sunan tsabar da na gidan da ya buga ta, ka binciki nawa irinta ta shekarun baya ta tashi a hannun mutum na biyu, farashin da aka saya, ba wanda aka sa a talla ba.

Maganar uwargida, ina ganin ta hango abin da zaƙin bakin mutumin nan ya rufe maka, kuma ba faɗuwa ba ce ka faɗa mata haka. Ku duka yaran nan kuke wa tanadi. Daren yau ka ɗauko sulallan, ku zauna tare da tawul da fitila da takarda, kai ka riƙe madubi ka karanto shekara da harafi, ita ta rubuta. In kun gama, ku turo mini jerin guda shidan, zan duba muku ɗaya bayan ɗaya.